Mashin Ɗin Da Aka Saya Don Yaya Ta Huta

Ranar da aka kawo mashin ɗin wanke-wanke gidan Alhaji Oumarou a unguwar Talladje ta Yamai, sai da aka cire ƙyauren madafa kafin ya shiga. Ƙarti huɗu suka sauko da shi daga bayan mota, fari fat, an naɗe shi da leda. Alhaji ya tsaya a tsakar gida, hannu a baya, ya ɗaga murya daidai yadda maƙwabta za su ji ta kan katanga.

"Don Yaya na saye shi. Ta sha wahalata tun ina cikin zanen goyo. Yanzu kuma lokacin hutunta ne."

Yaya Zinariya tana durƙushe a bakin pampo tana kankare ƙanzon tukunya, ta ɗago kai ta ce Allah ya yi albarka. Yayarsa ce ciki ɗaya. Shekara uku ke nan da ya ɗauko ta daga ƙauyensu na wajen Tasawa bayan mijinta ya rasu, ya ce ta zo Yamai ta huta. Tun da ta fara hutun, matarsa Hajiya Nafissa ta sallami ƴan aiki biyu, ta ce ba ta ga amfanin bare a gida ba alhali ga na gida.

Wanda ya zo haɗa mashin wani Bazabarme ne mai furfura a gemu, sunansa Isaka. Da ya gama ɗaura tiyo ya jona wuta, sai ya ce a kawo masa abin da ya fi saurin fashewa a gidan, ya nuna yadda ake jerawa. Nafissa ta buɗe kabad ɗin salo, wato falo, ta fito da kofunanta na gilashi masu dogon wuya, guda goma sha biyu, waɗanda ta zo da su daga Dubai. Sirara ne, in ka ƙyasta musu farce sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Turawa giyar inabi suke sha da irinsu, amma a gidan Alhaji bisap ake zubawa, wato zoɓo, tunda launin ɗaya ne kuma ba zunubi.

Isaka ya jawo ragar sama ya ce, "Hajiya, irin waɗannan a nan ake sa su. A kife, a ɗan karkace. Kar ɗaya ya taɓa ɗaya, don in ruwa ya buga za su yi karo. Kar a haɗa su da tukunya. Sabulunsa daban ne, ga shi a kwali, ƙwaya ɗaya ake sawa. Wannan maɓallin mai hoton kofi shi za a danna, ruwansa ba zafi sosai. In ya gama a ɗan buɗe ƙofa tururi ya fita, a bar su su huce."

Nafissa tana ta cewa to, to, amma idonta na kan salula. Bidiyon mashin ɗin take ɗauka ta gefen da ya fi sheƙi, za ta tura wa ƙawaye. Zinariya ce, da ta kawo wa Isaka ruwan sha ta tsaya jiran moɗa a bakin ƙofa, ta ji bayanin daga farko har ƙarshe.

Washegari da hantsi, bayan Alhaji ya fita kasuwa, Nafissa ta ɗaura zani ta ce yau da kanta za ta yi wanke-wanke. Ta ɗebi kofuna shida ta cusa su a ragar ƙasa, gefen tukunyar miya da ludayi da madambaci. Ta ɗebo garin sabulun wankin kaya cike da tafin hannu ta watsa a ciki.

"Hajiya," in ji Zinariya daga bakin ƙofa, "mutumen nan kamar cewa ya yi a sama za a sa su. Kuma ba wanga sabulu ba."

"Yaya, don Allah. A Tasawa kika koyi mashin?"

Ta rufe, ta danna maɓalli mai hoton tukunya, don shi ya fi girma. Ba a jima ba aka fara jin ƙas, ƙas daga ciki, kamar ana taunar ƙashi. Sai kumfa ta fara ɓullowa ta ƙarƙashin ƙofar mashin, ta cika madafa, ta gangaro har bakin kafet ɗin salo. Nafissa ta zare wayar wuta tana salati. Da aka buɗe, kofuna uku sun zama tarihi, wuyansu daban, cikinsu daban.

Ta daɗe tana kallonsu, hannu a ƙugu. Sannan ta ce, "Yaya, ki tsince kwalaben nan tas, ki goge ƙasa kafin Alhaji ya dawo."

Zinariya ta durƙusa ta zura hannu cikin ramin da ke gindin mashin, inda ruwa ke taruwa. Kumfa ta rufe komai, sai lalube. Ta fito da guntu ɗaya, ta fito da biyu. A na uku ta ji abu ya shiga manuninta na dama har ƙashi. Kumfar wajen ta koma ja-ja. Ta yagi bakin tsohon zani ta ɗaure yatsan, ta ɗauki tsumma ta ci gaba da tsane ruwa.

Bayan magariba Alhaji na cin tuwo ya tambayi labarin mashin.

"Mashin kam ba magana," in ji Nafissa. "Sai dai Yaya ta je ta taɓa wani maɓalli, kofuna uku suka fashe. Amma ba komai, ai ba da gangan ta yi ba."

Zinariya na zaune a tabarma gefe, hannunta cikin mayafi. Ta buɗe baki, ta dubi ƙanenta, ta ga yadda yake cin tuwonsa cikin kwanciyar hankali, sai ta rufe. Alhaji ya yi dariya mai taushi.

"Yaya ke nan. Ki bar wa ƴan lakkwal kayan lakkwal, abin sai wanda ya yi boko. Ke dai ki huta, shi ne aikinki a gidan nan."

Daga ranar aka kafa doka: Yaya ba za ta ƙara taɓa maɓallin mashin ba. Ita ma Nafissa ta rantse a ranta ba za ta ƙara ba shi amanar kofunanta tara da suka rage ba. Sai dai bidiyo ya riga ya zaga gari, baƙi kuma sun fara zuwa kallo. Don haka aka fito da sabon tsari. Madafar tana da ƙofa ta baya, mai fita wani ɗan lungu inda ake ajiye gawayi da robobi. A nan Zinariya za ta wanke kofuna da hannu, cikin ruwan sabulu da jabel, sinadarin nan mai ƙarfi da ke sa tufafi fari, don su yi ƙyalli, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta shigo ta jera su a cikin mashin. In baƙuwa ta zo, Nafissa ta ja ta madafa, ta buɗe ƙofar mashin, ta fito da kofi mai ɗumi ta ɗaga shi sama.

"Kin gani? Hannun mutum bai isa ya yi wannan ba."

Da yake tsarin ya karɓu, sai farantai da cokula ma suka bi sahu. Mashin ya zama kabad mafi tsada a Talladje. Zinariya kuwa in za ta jera kofunan, yadda Isaka ya ce take yi, a sama, a kife, a karkace, ba mai taɓa wani, duk da ta san ba ruwan da zai buge su.

Kwana uku yatsan ya kumbura. Ta sa masa toka, ta sa gishiri, ta shafa man kaɗanya. Duk abin da ta sa da safe, kafin azahar jabel ya cinye shi. Kwana biyar ya fara zogi, yana bugawa kamar da wata zuciya a cikinsa. Ta koma cin tuwo da cokali a hannun hagu, tana neman gafarar Allah a kowace loma.

Ranar Juma'a da safe Alhaji ya leƙo ɗakinta gaisuwa, kamar yadda ya saba duk mako, sanye da shadda tana ƙamshi. Ya ga ƙyallen.

"Yaya, me ya sami hannunki?"

Nafissa na bayansa, ita ta amsa. "Ɗan karkare ne. Na gani tun shekaranjiya."

"Ba karkare ba ne, Oumarou," in ji Zinariya a hankali. "Kwalba ce ta yanke ni. Cikin mashin."

"Cikin mashin? Me ya kai ki cikin mashin kuma, Yaya? Ba na ce ki bar shi ba?"

"Ka ji dai da kunnenka," in ji Nafissa. "Ni in na faɗa a ce na matsa mata. Amma wannan kumburin, Alhaji, ko makaho ya shafa ya san karkare ne. Kuma ka san karkare ba ya son allura. Wata a unguwarmu an kai ta asibiti aka yi mata, sai da hannun ya shanye."

Alhaji ya gyaɗa kai. Shi ma ya taɓa jin haka, kuma maganar ta zo masa daidai, don ana jiransa a kasuwa. Ya ce a samo lemun tsami a huda, ta zura yatsan a ciki, haka Inna ke yi musu suna yara. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ƙara da cewa ta rage yawan motsi, ya fita.

Aka kawo lemun tsami. Da ta zura yatsan, sai da ta ga ɗakin ya juya. Ta cije mayafi har ya jiƙe. Bayan rabin awa Nafissa ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce in lemon ya gama aikinsa akwai kwanonin karin kumallo suna jira.

Lahadin da ta biyo baya ita ce ranar foyandi, taron da matan ƙungiyarsu Nafissa ke yi duk wata, su wuni a gidan ɗayarsu ana ci ana sha ana duba kayan ɗakin juna. Wannan karon gidan Alhaji ya faɗo. Mata talatin ake jira, kofuna kuwa tara.

Da sassafe Zinariya ta sami Nafissa a madafa. Kumburin ya wuce yatsa ya hau bayan hannu, fatar ta yi sheƙi, bakin ciwon ya fara duhu.

"Hajiya, yau kam ban jin zan iya. Ki bari mu gwada mashin yadda mutumen nan ya ce. Ko da kofi biyu ne, mu gani."

"Da kofunana za a yi gwaji? Yau, da mutane za su cika gida?" Nafissa ta dubi hannun ta kau da kai da sauri. "Ki daure na yau kawai, Yaya. Ga farasitamol biyu. Ai ruwan jabel ma magani ne, yana kashe ƙwayoyin cuta. Da a ce a ƙauye kike, wa zai ba ki shi kyauta ki tsoma hannu wuni guda?"

Kafin azahar salo ya cika da leshi da turare. Shugabar ƙungiya, Hajiya Kadi, ta tsallako gada daga Harobanda, ta zauna a kujerar da ta fi kusa da fanka. Mace ce mai jiki, mai ido, ba a saka sabon labule a gidan kowa ba ta san inda aka saye shi ba. Aka fara zagayawa da bisap a kofuna tara. In mata tara suka sha, Nafissa ta tattara a tire, ta yi murmushi ta ce bari ta ba mashin, ta shiga madafa ta tura ƙofa. Tana shiga ta miƙa tiren ta ƙofar baya, ta danna mashin ba komai a cikinsa, don a ji ƙugi daga salo. Shi yana ciki yana wanke kansa da ruwan zafi, Zinariya na lungu a kan kujera ƴar tsuguno, ta maƙale kofi a tsakanin gwiwoyi, tana cuɗa shi da hagu, tana tallafe siririn wuyan da hannun ciwo. Duk sanda ruwan ya taɓa yatsan sai ta ambaci sunan Allah. Rana ta daki kwanon rufin lungun, amma ita sanyi take ji.

A zagaye na biyu Hajiya Kadi ta taso da kanta ta ce sai ta gani da idonta. Nafissa ta tare ta da hira a bakin ƙofa har ta ji motsin Zinariya ya ɗauke, sannan suka shiga. Ta buɗe mashin, tururi ya bugi fuskokinsu, ga kofuna tara a jere suna ƙyalli.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Kadi. "Minti goma? Na ɗiyata da ke Faransa sai ya yi awa biyu yana gurnani."

"Tsohon yayi ne nata, Hajiya. Wannan bana ya fito."

A zagaye na uku wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, mata suka fito da mafitai daga jaka. Nafissa ta riga ta shiga da tire, ba damar fasawa. Bayan minti goma ta fito da kofuna a wanke.

Hajiya Kadi ta dube ta ta saman tabarau. "Ke Nafissa, ba kuran aka ɗauke ba?"

"Yana da batir a ciki."

Mata suka yi ta jinjina. Wata ta ce lalle sai ta sa maigidanta a gaba. Wata ta ce ai irin wannan ko kuka za ka yi sai ka saya, ka huta da rainin ƴan aiki. Hajiya Kadi ta karɓi nata kofin, ta juya shi a hannu, sai ta tsaya. A jikin wuyan akwai wani ɗan shafi, ja mai haɗe da rawaya.

"Batir ɗin ya fara sanyi, ga jan baki bai fita ba."

Aka yi dariya. Nafissa ma ta yi, ta karɓi kofin ta shiga madafa, ta zarce lungu. Murya ƙasa-ƙasa take magana, haƙora a haɗe.

"Yaya, so kike ki tozarta ni a gaban Hajiya Kadi? Mene ne wannan?"

"Ƙyallen ne ya jiƙe, Hajiya. Ciwon na ruwa."

"To ki ƙara wani ƙyallen mana. Mutane za su sa abin nan a baki fa. Ki ji tsoron Allah."

Da la'asar ana shirin watsewa, Hajiya Kadi ta tambaya ina yayar Alhaji, ba a ga ta fito an gaisa ba. Nafissa ta ce tana ɗaki tana barci, ai tun da aka kawo mashin ba ta da aiki sai barci da carbi. Hajiya Kadi ta ce kai, wannan baiwar Allah ta dace da ƙane.

Litinin Zinariya ta tashi ta ga wani jan layi ya taso daga wuyan hannunta ya nufi gwiwa. Yatsan ya daina zogi, ya yi baƙi, kuma shirunsa ya fi ba ta tsoro. Ta jira Alhaji ya fita, Nafissa ta koma barcin safe, ta yafa mayafi ta buɗe ƙofar gida. Shekara uku a Yamai, ba ta taɓa wuce shagon mai burodi ita kaɗai ba. Tana tafe tana dafa katanga tana tambaya, har wata mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta ta raka ta ƙaramin asibitin unguwa.

Ma'aikaciyar jinya ta kwance ƙyallen, ta ja da baya, ta kira wani. Suka yi magana da Faransanci. Suka tambaye ta lambar wani nata, ta kwance bakin zani ta ba su takardar da Oumarou ya rubuta mata tun ranar da ta zo. Kafin azahar tana babban asibiti, an rataya mata ruwa.

Alhaji ya iso yana gumi. Likitan, wani siririn mutum mai maganar Damagaram, ya nuna masa wani abu a ƙaramin faranti na ƙarfe. Tsinin gilashi ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan muka ciro. Ya fi kwana goma a ciki. Yatsan ya mutu, Alhaji, sai an cire. In aka ƙara kwana biyu, maganar hannu za mu yi, ba yatsa ba. Wane aiki take yi?"

"Aiki? Ba ta aikin komai. Yayata ce. Mashin gare mu."

Likita ya kama hannun hagun Zinariya, mai lafiyar, ya juya tafin sama. Fatar ta yi fari ta tsattsage, faratan duk sun cinye. Ya bar shi a buɗe a kan zanen gado yadda Alhaji zai gani da kyau, ya tafi kiran masu tiyata.

Alhaji ya jawo kujera ya zauna. Zinariya ta ɗauka tambayar da take jira ce za ta fito.

"Yaya," ya ce, "me ya sa za ki fita ke kaɗai ba ki faɗa wa kowa ba? Mai ƙosai fa, mai ƙosai ce ta kai ki. Yanzu unguwa me za a ce? A ce ina da mota biyu yayata na bin katanga?"

"Na faɗa maka kwalba ce, Oumarou."

"Kin faɗa, amma ba ki faɗa da ƙarfi ba."

Aka cire yatsan da yamma. Ta kwana biyar a asibiti. Nafissa ta zo sau biyu da kular farfesu, ta zauna a bakin gado tana amsa gaisuwar ƴan dubiya. Kowa ya tambaya sai ta ce karkare ne ya ci ƙarfinta, kuma mutanen ƙauye akwai ɓoye ciwo, ba don Allah ya sa suna sa ido ba da abin ya fi haka.

Ranar da aka sallamo ta, ta tarar da lungu cike da kwanoni har bakin ƙofa, ƙuda na bi. A kwana biyar ɗin nan mashin ya lalace, haka Nafissa ta gaya wa Alhaji. Shi kuwa ya kira Isaka. Ɗakin Zinariya na jikin madafa, tana kwance tana jin komai ta taga.

Isaka ya buɗe, ya duba, ya kunna, ya kashe. "Alhaji, lafiyarsa lau. Kwalin sabulun ma ba a buɗe ba. Wannan mashin bai taɓa wanke ko cokali ba, in ban da kansa."

Zinariya ta rufe ido. Ta ji tausayin ƙanenta ya kama ta, don ta san yau ya ji da ƙarfi.

"To wa ke wankewa?" in ji Alhaji.

Can sai muryar Nafissa, a sanyaye. "Alhaji, tara suka rage, kuma ba a samun irinsu a Yamai. Malam Isaka, tsakaninka da Allah, kofi siriri irin wannan, da mashin da hannu wanne ya fi aminci?"

"In an bi yadda na ce, mashin ba ya fasawa, Hajiya. Amma akwai masu cewa in gilashi ya cika sirantaka, hannu ya fi."

"Ka ji ko? Shi da kansa ya faɗa. Kuma Yaya ba ta iya zama haka nan, Alhaji, ka san ta. In ka hana ta motsi sai ta ce an mai da ita baƙuwa. Ni don farin cikinta nake barin ta."

Zinariya ta kasa kunne ta ji abin da ƙanenta zai ce. Ta ji ya yi gyaran murya. Ta ji ya sallami Isaka, ya ce a gaida gida. Ta ji ƙarar mota.

Mako uku ba a sa ta aiki ba, wannan kam gaskiya ne. An ɗauko wata mata daga Kirkissoye tana zuwa kullum, kuma a gaban kowa Alhaji ke cewa a kai wa Yaya nama, a kai wa Yaya madara. Duk wanda ya zo dubiya sai ya fita yana sa masa albarka, ana cewa a zamanin nan samun ƙane irinsa sai an tona. Ranar da aka kwance bandeji na ƙarshe, a ranar aka sallami matar Kirkissoye, don Nafissa ta ce tana da nauyin hannu, ta kusa fasa kofi.

Da la'asar Alhaji ya dawo da ƴar leda, ya yi sallama a ƙofar ɗakin yayarsa, ya tsuguna kamar yadda yake yi tun yana yaro.

"Yaya, na yi tunani a kan abin da ya faru. Laifinmu ne, ba mu ɗauki mataki ba. Ba zan yarda a sake ba."

Ya buɗe ledar. Safar hannu ce ta roba, ruwan ɗorawa, mai kauri, har gwiwar hannu.

"Mai kyau ce, ta Turai. Kwalba ba ta huda ta, jabel ba ya shiga. Gwada mu gani."

Zinariya ta dube shi. Ta ga ba wasa a fuskarsa, ba mugunta, murna ce kawai irin ta wanda ya sauke nauyi. Ta karɓa ta zura hannun hagu, ya zauna daidai. Ta zura na dama. Yatsu huɗu suka shiga gidajensu, gidan manuni ya rage fanko, ya lanƙwashe yana lilo. Ta ɗaga hannun tsakaninta da shi, ta ɗan girgiza, robar ta yi ta kaɗawa.

"Oumarou," ta ce, "ba su da mai yatsa huɗu?"

Alhaji ya karkata kai ya duba da kyau, ya taɓa robar da ke lilo.

"Gaskiyarki, Yaya, wannan zai iya maƙale wuyan kofi. Gobe in na shiga kasuwa zan tambaya."